Gani Ya Kori Ji: Babur da Kyamara a Hannun Samari

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, suka kuma ce gani ya kori ji. Bahaushe dai tun fil azal matafiyi ne. Fatake sun kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, almajirai sun saɓi alluna sun nufi gabas, 'yan ci-rani kuma sun bar gida da zarar an kawar da amfanin gona. Abin da ya sake a yau shi ne abin hawa da guzuri. Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Daura kashegarin Salla, da wuya ya rasa ganin ayarin samari bisa babura, abokai ko 'yan'uwan juna, sun nufi ziyarar dangi ko yawon buɗe ido, kowa da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, wani ma har da kyamara rataye a wuya. Dattawa da dama suna ɗaukar wannan abu shiririta ce da ɓarnar mai. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa waɗannan samari suna riƙe da kayan aikin adana tarihi mafi araha da ƙasar Hausa ta taɓa samu, sai dai yawancinsu ba su san darajar abin da ke hannunsu ba.

Yadda Abin ya Zo Hannun Talaka

A farkon al'amari aikin ɗaukar hoto na ƙwararru ne da masu hannu da shuni, domin kayansa suna da nauyi da tsada. A shekarar 1900 ne kamfanin Kodak na Amurka ya fito da wata 'yar kyamara mai suna Brownie, wadda ake sayarwa dala ɗaya tak, daga nan ne mutumin da bai koyi sana'ar ba ya fara ɗaukar iyalinsa da kansa. Haka shi ma babur. A 1958 kamfanin Honda na Japan ya ƙera ƙaramin babur ɗin nan Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. A Nijeriya kuwa, kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun sa malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da yawa sun mallaki Honda ko Suzuki ko Vespa. Wanda ya buɗe tsohon albam na gidajen irin waɗannan ma'aikata, sau da yawa zai tarar da hoton maigida yana saurayi, ya jingina da sabon babur ɗinsa, ya karkata hula.

A wancan zamani fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sa'an nan sai an kai shi wurin mai wanki an jira kwanaki. Saboda haka mutum ba ya latsa kyamara sai ya yi tunani, in an wanke kuma sai a adana hoton da dodonsa a ƙasan akwati. Yau kuwa yaro yana iya ɗaukar hoto ɗari kafin azahar ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Arahar nan alheri ce, amma ita ce kuma ta jawo raini.

Abin da Hoto ya Ceto

Domin a gane muhimmancin wannan magana, ya kamata a dubi abubuwan da suka shuɗe. A cikin watan Fabrairu na 1851 Dakta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin da hannunsa. Har gobe masu nazari suna komawa ga wannan zane, domin shaidar ido irinta daga wancan zamani ba ta da yawa. To, in zanen baƙo guda ya yi wannan daraja, ina ga hoton ɗan gari wanda ya san sunan kowace unguwa?

Misalan kusa ma suna da yawa. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda a da ita ce alamar arzikin Arewa, ba wanda aka haifa a wannan ƙarni da ya gan ta sai a hoto. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, an lulluɓe shi da sabon gini a cikin shekarun 1970, wasu sassansa kuma suka tafi, ta yadda mai son sanin ainihin siffarsa ta waje dole ya nemi hotuna da zane-zanen waɗanda suka auna shi kafin lokacin. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. Ƙofar Na'isa ta Kano an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka maye gurbinta da ta siminti. Ita kanta ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, kullum damina tana ci, masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine suna ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki hoto, ko da don nishaɗi ne, ya bar wa na baya abin da kuɗi ba ya saye.

Har wa yau akwai darasi a ƙasar Mali. Malik Sidibe, mai hoton nan na Bamako wanda ya rasu a 2016, abin da ya yi ta ɗauka shi ne samari da 'yammata a wuraren biki, da masu shaƙatawa a bakin kogin Kwara, da masu taƙama da sabon babur. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan tarihi ne. Amma a 2007 an ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya, kuma a yau mai son sanin yadda matasan Mali suka rayu bayan samun mulkin kai, hotunansa yake nema. Abin da ake gani kullum shi aka fi rainawa, shi ne kuma yake fara ɓacewa.

Fifikon Mai Babur

A nan ne mai babur ya yi wa kowa zarra. Mai mota yana bin kwalta, gilashi a rufe, ba ya tsayawa sai a tasha. Mai babur kuwa yana iya sauka daga kwalta ya bi burji, ya bar burji ya bi turbar shanu, ya tsaya a gindin tsamiya ya yi sallama da masu hutawa, a ba shi ruwa, a ba shi labari. Alal misali, a ce abokai huɗu sun tashi daga Kano da sassafe sun bi ta Kazaure zuwa Daura. Kafin su isa rijiyar Kusugu za su ratsa ƙauyuka masu rumbunan ƙasa, da maƙera, da wataƙila tsoho guda da ya rage yana saƙar fari a ƙofar gida, da kasuwar da ke ci mako-mako. Babu wata hukuma da take da kuɗi ko ma'aikatan da za su bi waɗannan lunguna ɗaya bayan ɗaya, amma samari suna ratsa su kowane mako a kan kuɗin mansu.

Haka kuma ziyarar dangi. An ce zumunta a ƙafa take, kuma babur ya ƙara wa ƙafar nan tsawo. Saurayin da ya kai ƙanensa ƙauye gaida kaka, in ya ɗauki hotonta tana kaɗi ko tana tankaɗe, da fanteka da tasoshin jerenta a bayanta, ya adana wa zuriyarsu fuskar da wata rana za a nema a rasa.

Inda Gizo ke Saƙa

Sai dai kash, in aka karɓi wayar ɗaya daga cikin matafiyan nan aka duba, me za a tarar? Fuskarsa ce a gaba, fuskarsa a baya. Ya je har Katsina ya tsaya a gindin hasumiyar Gobarau, amma kansa ya cika hoton, hasumiyar sai ɗan gefenta. Wannan hoton ɗauki-da-kanka ba laifi ba ne, domin kowa yana son abin tunawa, amma in shi kaɗai aka dawo da shi, an yi tafiyar an baro ribar a can.

Kuskure na biyu shi ne rashin bayani. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko ranar, ko sunayen waɗanda ke ciki, kamar wasiƙa ce marar adireshi. Gidaje nawa ne suke da tsofaffin hotuna waɗanda tun da tsohuwar gidan ta rasu ba mai iya cewa wane ne wannan? Na uku kuwa shi ne rashin ajiya. Hoton takarda yakan shekara hamsin a akwati in gara da ruwa ba su taɓa shi ba, amma hoton waya yana iya tafiya cikin dare ɗaya, in an sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko mai ita ya goge don ya sami wurin sa wani abu.

Ƙorafin Masu Ƙorafi

Ba daidai ba ne a yi watsi da maganar dattawa, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ƙorafinsu na farko game da rai ne, kuma gaskiyarsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, masu babura kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, don jikinsu shi ne bodinsu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta sa hular kwano tun ran 1 ga Janairu, 2009, amma har yanzu samari da yawa suna ganin sa ta ragwanta ce. Ga tsere, ga goyon mutum uku ko huɗu, ga mai tuƙi da hannu ɗaya yana ɗaukar hoto da ɗayan, ga mayafi ko bakin riga da ke lilo kusa da ƙafar baya. Babu hoton da ya kai ran mutum. Mai son ɗauka ya tsaya, ya kafe babur, sa'an nan ya ɗauka.

Na biyu shi ne tsaro. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birni, a 2021 kuma jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Wannan ya sa a wasu ƙauyuka ganin ayarin baƙin babura kaɗai ya isa ya tayar da hankali. Saboda haka wajibi ne matafiya su tambayi halin da hanya take ciki da dokar da ke aiki a wurin kafin su tashi, su guji tafiyar dare, in sun isa gari kuma su fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci su gabatar da kansu. Hanyar da aka ce ba ta biyuwa a bar ta, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Na uku ya shafi addini da kunya. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai, kuma wanda ya bi ra'ayin masu hani ba a tilasta masa. Amma ko shi yana da fili mai faɗi, domin ganuwa da masallaci da rumbu da kuka da dutse ba su shiga wannan saɓani ba. Abin da ba saɓani a cikinsa shi ne mutuncin mutane. Ba a ɗaga kyamara a kan matan aure a bakin rijiya, ko almajiri yana bara, ko marar lafiya, ba tare da izni ba, balle a watsa su a intanet don a yi dariya. A yi sallama, a nemi izni, in an ƙi a haƙura. In an yarda kuma, kyautatawa ita ce a wanke hoton a kawo wa mai shi a tafiya ta gaba.

Kammalawa

Abin da ake nema ga waɗannan samari ba mai wuya ba ne. A kowace tafiya, bayan an ɗauki na abokai, a juya kyamara ga gari da mutanensa da sana'o'insu. In an dawo a zaɓi goma mafi kyau a wanke su a takarda, a rubuta a bayan kowanne sunan wurin da kwanan wata da sunayen mutanen, sauran kuma a ajiye su a wuri fiye da ɗaya. Ɗaliban Hausa su ne ya fi kamata su yi jagora, tun da su ake aikawa ƙauyuka neman kirarin maƙera da waƙoƙin niƙa, kuma bayanin ƙira da ke tare da hoton zugazugi da uwar maƙera ya fi wanda babu. Ya kamata kuma sassan Hausa na jami'o'i, da wurare irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, su buɗe ƙofa ga hotunan 'yan koyo, su tanadi inda za a tara su da bayanansu.

Tsohon da ke saƙa a ƙofar gida ba zai jira sai an ware kuɗin bincike ba, ganuwa ma ba za ta jira ba. Saurayin da ya wuce ta gabansu a kan babur ran Asabar mai zuwa, mai yiwuwa shi ne na ƙarshe da zai gan su da kyamara a hannu. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.