Aljihu ko aboki: wa ke kwantar wa mutum da rai?

Duk wanda ya ce mini kuɗi ba su kawo farin ciki, nakan fara duban takalminsa. Galibi mai wannan magana ya ƙoshi. Magidancin da likita ya miƙa wa takardar maganin jaka goma sha biyar, alhali dala ɗari ce a aljihunsa, ba ya bukatar wa'azi kan ƙanƙantar abin duniya. Yunwa da bashi suna hana barci, kuma ba su bar wa mutum fuskar da zai yi wa maƙwabci dariya ba.

Duk da haka ina ganin aboki ya fi, kuma hujjata ba ta da nisa. Mu tuna ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa ta yi tsada. Masu ajiya a banki suka riƙa yin layi, ana ba su kaɗan daga cikin kuɗinsu na kansu. Har cikin Fabrairun 2024 ana wannan hali. Me ya riƙe gidaje a Maraɗi da Damagaram? Mai kantin da ya yarda ya rubuta bashi don ya san ubanka. Maƙwabciyar da ta aiko da tiyar hatsi bayan magariba don kada a gani. Ɗan ci-ranin da ke Abidjan ko Aljeriya, wanda bai manta abokin ƙuruciya ba. Mai kuɗin da ba shi da mutane, a watannin nan ya gane takardar banki ba ta dafuwa a tukunya.

Shi ya sa nake jin haushi idan manya suka kira fada matattarar zaman banza. E, akwai fadar da ba a komai cikinta sai karta da gulma. Amma a gindin butar shayin nan ne saurayi ke jin inda ake neman lebura, nan ake haɗa masa kuɗi ran sunan ɗansa, nan ake lura idan ya kwana biyu bai fito ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai a wurina. A ce akwai wanda zai taso ya zo ƙofar gidanka don kawai bai gan ka ba, babu kasuwar da ake sayar da wannan.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda kuɗi ke shigowa cikin zumuncin yana cin sa ta ciki. Ku dubi bikin mata. Asalinsa taimako ne: kin kawo mini yau, in kai miki gobe. Yanzu an buɗe littafi ana rubutawa, wadda ta ba da jaka biyar tana jiran goma, wadda ta kasa kuwa sai ta ɓuya a ɗaki ranar bikin ƙawarta, ko ta sayar da akuyarta don gudun gori. Ƙawancen shekara ashirin yakan mutu a kan zane ɗaya. Maza ma ba su tsira ba: wanda ya samu muƙami a Yamai sai ya canza lamba, a wani ɓangaren don girman kai, a wani ɓangaren kuma don duk kiran da ya shigo masa roƙo ne, babu mai tambayar lafiyarsa.