Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A 2010 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hukunta Jami'ar Kudancin Kalifoniya saboda kuɗin da ɗan wasanta Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa daga dillalai. Ta soke guraben tallafin karatu 30, alhali Bush ya daɗe da barin jami'ar. Matasan da suka biyo bayansa ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Kiyaye doka wajibi ne, amma kamata ya yi hukunci ya sauka kan mai laifi da shugabannin da suka yi sakaci. A 2024 an mayar wa Bush kambinsa na Heisman. Waɗanda suka rasa tallafin karatu kuwa, babu wanda ya biya su.