Goge kwamfuta ba ya dawo da abin da manhajar satar bayanai ta kwashe

Manhajar satar bayanai 'yar ƙaramar manhaja ce da ke shiga kwamfuta ba tare da ta ɓata komai ba. Na'urar ba ta yin nauyi, allo ba ya nuna wani gargaɗi, fayil ko ɗaya ba ya ɓacewa. Tana zuwa kai tsaye inda burauza irin su Chrome, Edge da Firefox ke ajiye kalmomin sirri, ta kwashe su, ta haɗa da lambobin katin banki, da bayanan jakar kuɗin kirifto, da takardun da ke zube a kan allo, ta ɗauki hoton allon kansa. Sai ta dunƙule su wuri guda ta aika wa ubangidanta, sau da yawa ta Telegram. Duk wannan yakan ƙare cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, wasu ire-irenta ma sukan share kansu bayan sun gama.

Sana'ar ta zama ta haya. Waɗanda ke rubuta manhajar ba lallai ne su yi satar da kansu ba, sukan ba da ita haya ga duk mai so. Wadda ake kira Raccoon an riƙa biyan kusan dala 200 a wata, kafin a kama ɗan Yukiren ɗin da ke cikin masu tafiyar da ita, Mark Sokolovsky, a ƙasar Holan a 2022. RedLine ta bayyana a 2020, ta yi ta cin karenta ba babbaka har watan Oktoban 2024, lokacin da 'yan sandan Holan da hukumar FBI ta Amurka suka ƙwace na'urorin da ke tafiyar da ita. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya ce ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da wata mai suna Lumma ta kama cikin wata biyu kacal, aka rufe shafuka kusan 2,300 da take aiki da su. Ba a jima ba ta sake farfaɗowa.

Abin takaicin shi ne hanyar da irin wannan manhaja ta fi shiga, domin mai kwamfutar ne ke saka ta da hannunsa. Manhajojin da aka fasa, waɗanda aka fi sani da kirak, su ne babbar ƙofa: Office na kyauta, Photoshop da CorelDRAW na kyauta, manhajar haɗa bidiyo, wasannin kwamfuta, da 'yar manhajar nan da ake saka wa Windows don ta daina neman lasisi. Tsarin kusan iri ɗaya ne kullum. Bidiyo a YouTube na nuna yadda ake samun abin a banza, a ƙarƙashinsa akwai mahaɗi, mahaɗin na kaiwa ga dunƙulallen fayil mai kalmar sirri, galibi 1234 ko shekarar da ake ciki. An sa kalmar sirrin ne don manhajar riga-kafi ta kasa leƙa abin da ke ciki. Sannan ga umarni ƙarara: a kashe antibayiros kafin a saka. Mutum mai hankalinsa, mai digiri, wani ma ma'aikacin banki, zai karanta wannan umarni ya bi shi tiryan-tiryan, ya kuma ji daɗin cewa ya tsira da kuɗinsa.

A nan ƙasar lamarin ya wuce na mutum ɗaya. Mai gyaran kwamfuta yana da filash guda da ya cika da irin waɗannan manhajoji, ita yake soka wa kowace laftof da aka kawo masa, ta ɗalibi, ta ɗan kasuwa, ta ofis. Mai shagon buga takardu ma da ita ya ɗora wa na'urorinsa, kuma a kansu ne jama'a ke buɗe imel, su cike takardar neman aiki ko ta makaranta, su rubuta lambar NIN da BVN, burauza ta tambaya ko a adana kalmar sirri, a danna e don a yi sauri. Gaskiya ne lasisin dala ake biya, kuma dala ta yi tsada. Amma LibreOffice, GIMP da Inkscape kyauta suke tun asali, kuma ba sa neman a kashe musu riga-kafi.

Sauran ƙofofin sun haɗa da tallan bogi da ke fitowa a saman sakamakon bincike da sunan sananniyar manhaja, da fayil a imel mai kama da takardar kwangila. Akwai kuma sabon salo da ya bazu tun 2024: shafi zai ce a tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, ya umarci a danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya yi haka ya ba kwamfutarsa umarnin sauko da ɓarawon da kansa. Babu shafin kirki da ke neman haka. Masu Mac su ma ba su tsira ba, akwai Atomic da aka ƙera dominsu tun 2023.

Kayan da suka fi daraja a cikin abin da ake kwashewa su ne kukis, wato 'yar shaidar da shafi ke bar wa burauza bayan an shiga, don kada a riƙa tambayar kalmar sirri kowane lokaci. Wanda ya samu wannan shaida zai iya shiga asusu ba tare da kalmar sirri ko lambar da ake turowa ta waya ba. Haka aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta YouTube a watan Maris na 2023, bayan wani ma'aikaci ya buɗe fayil mai kama da tayin talla. Kalmar sirrin da aka sace kuma ba ta tsufa. A 2024 an shiga asusun kamfanoni kusan 165 masu ajiyar bayanai a kamfanin Snowflake, ciki har da Ticketmaster da AT&T, da kalmomin sirrin da irin waɗannan manhajoji suka sace, wasunsu tun 2020, ba wanda ya canza su.

Wannan ne ya sa maganar "an yi wa kwamfutar fomatin, shi ke nan" ta zama ganganci. Ɓarawon da ya kwafi makullin gida ya tafi, share tsakar gida ba ya hana shi dawowa, sai an canza kwaɗo. Don haka aikin farko shi ne a cire kwamfutar daga intanet, a ɗauki wata na'ura mai tsabta, ko da waya ce, a canza kalmomin sirri daga can. Canza su a kan kwamfutar da ta kamu miƙa wa ɓarawon sababbi ne. Imel ake farawa da shi, domin ta cikinsa ake dawo da sauran asusun. A kowane asusu sai an danna wurin fita daga dukkan na'urori, shi ne ke kashe kukis ɗin da aka sace. A duba ko an sauya lambar waya ko imel na dawo da asusu, ko an saita a riƙa tura saƙonni wani wuri. Katin bankin da aka taɓa adanawa a burauza a toshe shi a karɓi sabo. Mai kirifto ya buɗe sabuwar jaka ya kwashe kuɗinsa, domin kalmomin dawo da tsohuwar jakar ba sa canzuwa.

Bayan haka ake komawa kan na'urar. Windows na ɗauke da Microsoft Defender, kuma a cikinsa akwai binciken da ke gudana kafin Windows ta tashi, wanda ke kama abin da ke ɓuya idan tana aiki. Ana iya bi da Malwarebytes, a duba jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, da ayyukan da aka tsara su riƙa gudana da kansu, da ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza. Sai dai manhajojin satar bayanai sukan shigo da 'yan rakiya, shi ya sa abin da ya fi tabbas shi ne a kwashe takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji, a goge komai, a sake ɗora Windows daga filash da aka haɗa a wata kwamfutar da kayan da aka sauko daga shafin Microsoft.

A nan ne mai gyara ke sake ɓata aikin. Zai goge na'urar tas, ya karɓi kuɗinsa, sannan ya zaro filash ɗinsa ta kullum ya mayar da kirak ɗin da ya jawo masifar, galibi a kan Windows 10, wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025. Wannan ba gyara ba ne, cutar da mai kaya ne, kuma mai kwamfuta na da haƙƙin tsayawa a kansa ya tambayi daga ina kowace manhaja ta fito. Wanda ke son sanin ko adireshin imel ɗinsa na cikin kayan da aka sace zai iya rubuta shi a shafin Have I Been Pwned, na masanin tsaro Troy Hunt ɗan Ostireliya, wanda ke tara har da bayanan da irin waɗannan manhajoji suka kwashe.