Waiwaye: Koh-i-Noor da Yaron da Aka Tilasta wa Sa Hannu

A watan Janairun 2016 kamfanin Ubisoft ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Assassin's Creed Chronicles: India. Mai wasa yana shiga rigar wani ɗan Kashmir, Arbaaz Mir, a birnin Amritsar na shekarar 1841, yana haura katangu yana kauce wa masu gadi, duk don ya ƙwato lu'ulu'un nan da ake kira Koh-i-Noor. A cikin wasan dutsen ya wuce kayan ado. Wasu halittu ne da suka riga ɗan Adam mulkin duniya suka ƙera shi, suka zuba masa wani ƙarfi na ban tsoro, shi ya sa ƙungiyoyin asiri biyu suke kashe juna a kansa. Arbaaz ƙagagge ne, ƙarfin ma ƙage ne. Dutsen kuwa yana nan, a Hasumiyar Landan, jikin kambin da aka yi wa mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1937.

Masu wasan ba su ne suka fara lulluɓe wannan dutse da almara ba. A 1849, da Turawan Ingila suka karɓe shi, Gwamna Janar Lord Dalhousie ya umarci wani jami'insa a Delhi, Theo Metcalfe, da ya haɗo masa tarihinsa. Metcalfe ya bi masu sayar da kayan ado da tsofaffin gari, ya rubuta abin da ya ji. Daga nan ne labarai da yawa suka samu gindin zama: wai dutsen ya kai shekaru dubbai, wai tun zamanin allolin Hindu ake gadonsa, wai Nadir Shah na Farisa ya same shi ne da dabara, ya ce wa Sarkin Delhi su yi musayar rawani don zumunci, alhali ya san a cikin rawanin aka ɓoye shi. Marubuta William Dalrymple da Anita Anand, a littafinsu na 2017, sun bi diddigin waɗannan zantuka, suka tarar mafi yawansu ba su da tushe. Rubutu na farko da za a iya dogara da shi na Muhammad Kazim Marvi ne, marubucin tarihin Nadir Shah, wanda ya ambaci dutsen a jikin Karagar Ɗawisu ta tsohon Sarkin Delhi Shah Jahan. Abin da ke manne a karaga ba ya shiga rawani. Nadir ya ci Delhi da yaƙi ne a 1739, sojojinsa suka karkashe dubban mutane a yini guda, ya kwashi karagar da sauran dukiyar ya tafi.

Daga nan sai dutsen ya yi ta sauya hannu. An kashe Nadir a 1747, dutsen ya faɗa hannun Ahmad Shah Durrani na Afganistan. A 1813 Ranjit Singh, sarkin Sikh na Lahore, ya tsare jikan Ahmad Shah, wato Shah Shuja, wanda ya zo masa a matsayin ɗan gudun hijira, ya matsa masa lamba har ya miƙa. Don haka babu wanda ya riƙe dutsen nan da hannu mai tsabta, kuma duk mai son gaskiya dole ya faɗi haka kafin ya ɗora wa Turawa nasu kason.

Sai kuma camfin da ya fi kowanne yaɗuwa, cewa dutsen yana da tsinuwa, duk namijin da ya mallake shi sai ya ga masifa, mace ce kaɗai za ta iya sa shi ta zauna lafiya. Wannan shi ne ya fi damuna a cikin almarar gaba ɗaya, domin yana wanke masu laifi. Bayan rasuwar Ranjit Singh a 1839, ɗansa Kharak Singh ya mutu a 1840, jikansa Nau Nihal Singh ya bi shi a kan hanyar dawowa daga jana'izarsa, aka harbe Sher Singh, wani ɗan Ranjit, a 1843. Mai jin labarin sai ya girgiza kai ya ce tsinuwar dutse ce. To amma fadawa ne suka ƙulla makirci, mutum ne ya ja kunamar bindiga, kuma Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila yana tsallaken kogin Sutlej yana jiran daula ta ruɓe daga ciki. Da zarar an ce dutse ne ya jawo, an daina tambayar wa ya yi, kuma wa ya ci riba.

A wannan ruɗani ne aka ɗora Duleep Singh, ƙaramin ɗan Ranjit Singh, a kan karaga yana ɗan shekara 5. Bayan yaƙin farko da Turawa, sai suka raba shi da mahaifiyarsa, Jind Kaur, a 1847, suka tsare ta nesa da shi, saboda ita ce mai tsaya masa. Ranar 29 ga Maris 1849, bayan yaƙi na biyu, aka kawo wa yaron takarda a fadar Lahore. Shekarunsa 10. Takardar ta ƙwace masa ƙasar Punjab baki ɗaya, kuma aka ware sakin layi guda musamman a kan Koh-i-Noor, cewa zai miƙa shi ga Sarauniyar Ingila. Yaro ne da ba uba, ba uwa a kusa, ga sojojin baƙi cike da gari. Ya sa hannu. Shekara da shekaru wannan sa hannu ne ake nunawa a matsayin hujjar cewa an karɓi dutsen bisa ƙa'ida.

An ɗora dutsen a jirgin ruwan yaƙi HMS Medea daga Bombay, aka miƙa wa Sarauniya Victoria ranar 3 ga Yulin 1850. Shekara ta gaba aka baje shi a babban baje kolin Landan, jama'a suka yi dogon layi, suka fito suna ƙorafi wai ba ya walƙiya yadda aka zuzuta. Yankan Indiya ne a jikinsa, irin wanda ke kiyaye girman dutse fiye da ƙyallinsa. Sai Yarima Albert, mijin Sarauniya, ya sa aka ɗauko gwanaye daga Amsterdam a 1852, suka yi kwana 38 suna gogarsa. Ya shiga hannunsu da karat 186, ya fito da 105.6. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na abin da sarakunan Delhi da Kabul da Lahore suka gada ya bi iska, don ya dace da idon Turai.

A 1854, ana zana hoton Duleep Singh a fadar Buckingham, Sarauniya ta sa aka kawo dutsen aka sa masa a hannu. Matar mai riƙonsa, Lady Login, ta ba da labarin yadda ya je bakin taga ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya dawo ya miƙa wa Sarauniya da ladabi. Yana ɗan shekara 15 a lokacin, an riga an mayar da shi Kirista, an yi masa tarbiyyar Turawa. Sai a 1861 ya sake ganin mahaifiyarsa a Calcutta. Daga baya ya juya wa Ingila baya, ya koma addinin kakanninsa a 1886, ya yi ta neman mai taimaka masa ya karɓo ƙasarsa har Rasha, bai samu ba. Ya mutu a wani otel a Paris a 1893.

Ban ga laifin mai ƙirƙira ya yi ƙirƙirarsa ba. Matasa da yawa a wasan nan suka fara jin sunan Ranjit Singh, kuma a wani ƙarin babi na Assassin's Creed Syndicate mai suna The Last Maharaja, an kawo Duleep Singh kansa a Landan ta 1868 yana fafutukar haƙƙinsa. Wannan abin yabo ne. Inda nake ja shi ne, matashin da ya kashe awoyi yana bin dutse mai sihiri zai iya tashi da tunanin cewa rigimar Koh-i-Noor ta aljanu ce da 'yan asiri, alhali takardar Lahore tana nan, da kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta. Iyaye da malamai da ke ganin yaransu riƙe da na'urar wasa suna da damar shiga ta nan, su tambaye su wane ne na gaske a cikin waɗannan mutane, su sa su nemo.

Indiya ta nemi a dawo mata da dutsen tun bayan samun 'yanci a 1947. Zulfikar Ali Bhutto ya nema wa Pakistan a 1976, 'yan Taliban suka nema wa Afganistan a 2000, Iran ma tana da nata da'awar. Birtaniya ta ƙi duka. Sai dai a naɗin Sarki Charles a 2023 ba a sa shi a kambin Sarauniya Camilla ba, kuma a wannan shekarar ne masu kula da Hasumiyar Landan suka sauya bayanin da ake nuna wa baƙi, suka rubuta cewa tilasta wa yaron aka yi ya miƙa shi. Shekara 174 aka ɗauka kafin a rubuta hakan a wurin da dutsen yake ajiye.