Ra'ayinmu: Daga Illela Zuwa Sakkwato, Kada Mu Yi Jinkiri

A wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da ba a saba faɗa a gaban taro ba, wato sankarar ƙwayar maraina. Dattawa su yi mini gafara. Kunya ce ke hana mu ambatarta, kunyar kuma ita ce ke sa samarinmu su ɓoye ta har ta yi nisa.

Wannan ciwo ya fi kama maza daga shekara 15 zuwa 40. Yakan fara da ƙullutu mai tauri ko kumburi a gefe ɗaya, sau da yawa ba zafi. Wanda aka haifa ƙwayarsa ba ta sauko ba ya fi shiga haɗari. A wurinmu duk kumburin wannan wuri gwaiwa muke ce masa, sai a nufi mai maganin gargajiya ko kemis, wata shida ta wuce.

Abin takaicin shi ne, cikin cututtukan daji wannan na daga waɗanda suka fi jin magani. A 1974 wani likita a Jami'ar Indiana ta Amurka, Lawrence Einhorn, ya fara haɗa maganin cisplatin da wasu magunguna, sai waɗanda a da aka fid da rai da su suka soma warkewa. A Amurka da Ingila yau, kusan 95 cikin 100 na raye bayan shekara biyar. Ɗan tseren keke Lance Armstrong, a 1996 ciwon ya riga ya kai huhunsa da ƙwaƙwalwarsa, amma ya warke.

To, ina ake samun irin wannan warkewa? A inda ƙwararru suke tare a wuri ɗaya. Ana bukatar hoton duban wurin, da gwajin jini na musamman, da likitan mafitsara wanda zai cire ƙwayar ta matsematsi, ba ta fatar maraina ba, domin yanka ta nan na iya buɗe wa ciwon sabuwar hanya. Sai mai duba naman a ɗakin gwaji ya faɗi irinsa, sannan likitan daji ya tsara magani. Likitocin Turai sun daɗe da lura cewa wanda ciwonsa ya bazu ya fi tsira a asibitin da ya saba ganin irinsa. Ba laifin ƙaramin asibiti ba ne. Likitan da ke fama da zazzaɓi da haihuwa dare da rana, ba lallai ya taɓa cin karo da wannan ba.

Mu a Illela, mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wajen kilomita 85 ta Gwadabawa da Kware. Akwai sashen mafitsara, akwai na ciwon daji. Na san da yawa cikinmu zuciyarsu na Galmi, asibitin mishan da ke hayin Nijar tun 1950, kuma ya yi wa iyayenmu alheri. Amma an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, maganin daji kuwa ba ya son tsaiko. In ciwon ya bazu, ana ba da shi zagaye uku ko huɗu, kowane mako uku, ga kwana biyar a jere na ƙarin ruwa a kowane zagaye. Wato kusan wata uku ana kai da komo, bayan nan kuma shekaru ana zuwa dubawa. Mai sayar da kayan gyaran babur ko malamin firamare, ina zai kwana? Wa zai tsare masa shago?

Nan ne aikin ikilisiya yake. Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ta ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani, ta kuma yi magana da 'yan'uwa na Sakkwato a kan masauki. Shugabannin zumuntar matasa su gayyaci ma'aikacin lafiya, maza zalla, ya koya musu duba kansu. A gaya musu gaskiya cewa ƙwaya ɗaya mai lafiya ta isa aure da haihuwa, domin tsoron nan ne ke sa wasu gudu daga tiyata. Iyaye mata, jaririn da ya kai wata shida ƙwayarsa ba ta sauko ba, a kai shi likita ya gani.

Za mu yi addu'a, ba shakka. Amma saurayin da ya zo wa dattijo da wannan magana a asirce, a yi addu'ar a ranar, a karɓo masa takardar turawa daga asibitin gari, washegari da safe a raka shi tasha.