A Sanar da Maƙwabci Kafin a Ɗora Bene

Sau da yawa rigimar maƙwabta a unguwannin Kano daga ƙarin gini take tashi: mutum ya ɗora bene a kan katangar iyaka, ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani, ko ya juya indararo ruwan damina ya riƙa cin gindin katangar da ba tasa ba. Hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, amma a aikace magana tsakaninta da mai ginin take ƙarewa. Wanda sirrin iyalinsa zai tonu sai dai ya ga bulo yana hawa.

A Ingila, wata doka ta shekarar 1996 ta wajabta wa mai taɓa katangar haɗaka ya sanar da maƙwabci a rubuce wata 2 kafin ya soma. Muna ganin Kano na bukatar irin wannan sharaɗi. Wani zai ce ai filinsa ne, kuma sanarwa za ta ba mahassadi damar tsayar masa da aiki. To, malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙen gidan maƙwabci, ko da a filinka take. Mahassadi kuwa wa'adi ke maganinsa: a Ingila kwana 14 ake ba maƙwabci ya amsa, in ya ƙi ko ya yi shiru, masu safiyo su raba gardama.