Karfasar China da tarwadar Najeriya: Me ake samu a kilo guda na kifi?

Unguwar Sanyuanli da ke gundumar Baiyun a birnin Guangzhou ta yi suna wajen 'yan kasuwar Afirka masu sarin tufafi da takalma. Sai dai lardin Guangdong, wanda Guangzhou ne babban birninsa, yana da wata hajar da ke isa kasuwannin Afirka cikin kwantenoni masu sanyi, wato kifin karfasa.

China ce kan gaba a duniya wajen kiwon karfasa, inda take samar da fiye da tan miliyan 1.5 a shekara, kuma Guangdong ya fi kowane lardi yawan abin da yake nomawa. Abin lura shi ne asalin kifin na Afirka ne. A 1978 aka kai irin karfasar kogin Nilu China daga Sudan, sannan a 1994 aka shigar da ingantaccen irin nan da ake kira GIFT, wanda aka haɗa da iri daga Masar da Ghana da Kenya da Senegal.

Lissafin tsoka

Idan aka cire kai da fata da kayan ciki da ƙaya, tsokar da ke saura a jikin karfasa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ba. Tarwada kuwa, duk da girman kanta, takan bayar da kusan kashi 40 cikin 100.

Wannan lissafi ne ke raba kasuwa. Amurka ta fi son tsoka zalla, don haka manyan kifaye ake yanka mata. Amma tun da Washington ta ɗaga harajin kayan China, ciki har da karfasa, zuwa kashi 25 cikin 100 a 2019, masu sarrafa kifi suka ƙara mayar da hankali ga ƙasashe irin su Cote d'Ivoire, inda ake sayen kifi sukutum, a ci kai a tsotse ƙashi. Sayar da shi haka ya fi sauƙin aiki, kuma ƙananan kifayen da ba su isa yanka ba sun sami masaya.

Ta fuskar gina jiki, giram 100 na ɗanyar tsokar karfasa na ɗauke da kusan giram 20 na furotin da maiƙo kaɗan. Tarwadar kiwo ta ɗan gaza hakan a furotin, amma ta fi maiƙo. Dukkansu ba su kai kifayen teku irin su sadin yawan sinadarin omega-3 ba, kuma abincin da aka ba kifi ne ke tantance yawansa.

Ina makomar mai kiwo?

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa kiwon tarwadar Afirka, amma hukumomi na ƙiyasta cewa ƙasar na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba. Abincin kifi kaɗai kan lashe fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Ga shi kuma tun 2018 Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwadar Najeriya saboda rashin cika sharuɗɗan duba ingancin abinci.

Wasu ƙasashe sun gwada haramci. Ghana ta hana shigo da karfasa a 2018 saboda fargabar wata cuta, Kenya ma ta yunƙura a shekarar, amma ba da daɗewa ba ta janye domin kifin cikin gida bai wadatar ba.

Darasin Kenya ya shafi mai kiwon kifi a Kano ko Zariya. Muddin abincin kifi na da tsada, kuma babu wutar lantarkin da za ta riƙe ɗakunan sanyi, mai saye zai ci gaba da duba farashi kafin ya tambayi daga ina kifin ya fito.